Kurungun Baba

Aikin farko: zuba ruwan da ya kwana a tanki, a hankali, ta jikin gilashi.

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri da layin da ke sama, daga littafin ayyukana na yago takardar, kuma ba na son soke abin da ban yi ba tukuna. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara, da fatan aikin asibiti da sauƙi. Na san za ki ce ga waya, me ya kawo biro. A waya ke ce kike magana, ni in yi ta cewa to, sai na ajiye nake tuna abin da na so faɗa. Shi ya sa zan riƙa ba direban motar safe ya kawo miki.

Jikin Baba yana nan yadda kika bar shi. Hannu da ƙafa na hagu ba su dawo ba, magana kuwa tun ranar da ya faɗi ba mu ji kalma ɗaya ba. Matar da ke zuwa motsa masa gaɓoɓi ta ce babbar matsalar ita ce ya manta da ɓangarensa na hagu, ko kiransa aka yi ta nan ba ya juyowa. Ta ce a samo abin da zai ja masa ido a ajiye ta wajen.

Na gwada agogon bango, na gwada hoton jikokinsa, bai kula ba. Sai na tuna yadda yake rufe gareji ranar hutu ya ɗauki ƙugiya ya tafi gindin gada, ya dawo rana ta gasa shi, sau da yawa babu kifi ko ɗaya, marigayiya Inna tana masa tsiya. Akwai gilashi mai kauri a shago, na wata taga da mai ita ya fasa karɓa. Na yanka, na goge kaifin, na haɗa tankin kifi da gam, na cika da ruwa na bar shi a bayan shago in ga ko zai yi yoyo. Bai yi ba. Duk da haka na ƙara masa gam.

Ban sayi kifayen nan masu launi na ƙasar waje ba, Baba bai san su ba. Wajen masunta na je na samo karfasa mai rai, girmanta kamar tafin hannun yaro. Yaya, ya juyo. Ba da yawa ba, amma ya juyo, maman yara ma ta gani.

Abin da ke damuna shi ne karfasar ita kaɗai ce. Takan shige bayan dutse ta wuni, in babu abin da ke motsi kuma sai Baba ya mayar da kansa. Tana bukatar maƙwabta. Na tambayi masuncin wane kifi ne ke zama lafiya da wane, ya ce shi dai a tukunya ya san su, kuma a can babu mai faɗa da wani. Na duba a waya, duk bayanin kifayen wasu ƙasashe ne. Don haka na yanke da kaina: zan auna su da tef in haɗa masu kusan tsawo ɗaya, don kada wani ya raina wani. Ban san ko daidai ne ba. Na rubuta na soke, na sake rubutawa.

Sai maganar mayar da Baba gidanki in wata ya ƙare. Na san gidanki a ƙasa yake namu a bene, na san ke ma'aikaciyar jinya ce ni mai yankan gilashi. Roƙona kawai ki bar min shi. Ya saba da ɗakin nan, ni ma na saba da jin numfashinsa ta bango.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki.

*

Auta,

Wa'alaikumus salam. Muna nan lafiya, yara suna gaida kawunsu. Direban naka ya miƙo min takarda a bakin asibiti kamar mai kawo sammaci, har mai gadi ya tambaye ni ko lafiya.

Tef, Auta? Kifi za ka auna da tef? Na yi dariya har maigidan ya leƙo daga ɗaki. Kai tun kana yaro haka kake, sai ka jera takalman gida daga babba zuwa ƙarami kafin ka yarda a kai ka makaranta, ni kuma in sha bulalar latti saboda kai.

Na ji daɗi da ya juyo, Allah ya sani. Amma kifi ba zai ɗaga shi daga gado ya kai shi banɗaki ba. Kuna juya shi a kan lokaci? Ka duba bayansa da dugadugansa, in ka ga wuri ya yi ja ko ya yi laushi kada ka tsaya rubuta wasiƙa, ka buga min waya. Sannan ka tuna tun da aka hau da shi benen nan rana ba ta taɓa jikinsa ba. Baba fa, wanda ko ruwan sama ake yi sai ya fito bakin ƙofa ya tsaya.

Ba ƙwace maka uba zan yi ba, nawa ne tun kafin a san za a haife ka. Muna nan a kan ƙarshen wata kamar yadda muka yi. Ka gaida matarka, ka ce na san ita ke ɗauke da rabin wahalar yayin da kai kake awon kifi.

Sai na ji daga gare ka.
Yayarka.

*

Aikin farko: yanka wa tanki murfi, a bar wa iska hanya.

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum, tare da gaisuwa da fatan kowa lafiya. Na duba bayan Baba da dugadugansa da gwiwar hannunsa, babu ja ko kaɗan. Muna juya shi yadda kika koya mana. Maganar rana kuma kin yi gaskiya, na matsar da gadon kusa da taga, amma ginin da ke gabanmu yana tare ta.

Yanzu sai labarin kifi, kuma ba mai daɗi ba ne. Na samo 'yan kawara guda biyar, farare ƙal masu sheƙi, da wata 'yar tarwaɗa. Na shimfiɗa su ɗaya bayan ɗaya a kan jiƙaƙƙen tsumma na auna, masunta suna kallona suna ƙus-ƙus. Bambancinsu bai wuce yatsa biyu ba. Da nake zuba tarwaɗar Baba ya yi wani sauti a maƙogwaro yana kaɗa hannun dama. Na ce a raina murna yake yi.

Da farko abin ya yi kyau. Kawara suna yawo tare, in ɗaya ta juya duk su juya, idon Baba yana bin su har ƙarshen hagu. Karfasa kuwa ta haƙa rami a yashi, tana ɗiba da baki tana tofarwa, duk wanda ya raɓi wajen ta fatattake shi. Ta tuna min da wata, amma ba zan kama suna ba.

Sai kawara suka fara raguwa. Ɗaya tsalle ta yi, na same ta a bushe bayan gado, shi ya sa nake yanka murfi. Sauran kuwa ko ƙaya ban gani ba. Na zargi karfasa, na sa mata gilashi na raba ta da su, aka ci gaba da ɓata. Na zargi kyanwar maƙwabta. Har yara na titsiye, Allah ya yafe min, ƙaramar ta yi ta kuka. Wata safiya na zo ba su abinci na ga wutsiya tana leƙowa daga bakin tarwaɗa. Ta yi ƙiba kamar ana hura ta, ni kuma kullum ina ganinta ban lura ba.

Tsawo na auna, Yaya. Ban auna baki ba. Duk abin da ya shiga bakin tarwaɗa abincinta ne, kowa ya san haka, ni ma na sani, amma da tef ya zo hannuna sai na manta.

Na mayar da ita kogi. Kawara biyu suka rage. Na koma wajen masunta ina buɗe bakin kifi ɗaya-ɗaya, har wani ya tambaye ni ko likitan haƙori ne. Na zaɓi kurungu. Bakinsa ɗan ƙarami ne, ta ƙasa yake, yana da gashin baki da ɗige-ɗige a jiki, ba zai iya haɗiye kowa ba, ƙayoyinsa kuma za su hana karfasa yi masa rashin kunya. Baba na ganinsa ya ɗaga hannu, rabin fuskarsa mai aiki ta yi murmushi. Wannan karon na tabbata murmushi ne. Ina jin na tabbata.

Ba na iya zama a shago. Da rana sai in rufe in zo in ƙirga su in koma. Jiya na yanka wa wani madubi, ya fito gajere, abin da ban taɓa yi ba.

A gaida maigida. Ki huta lafiya.
Ƙaninki.

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina wuni, ya aiki, ya yara? Ni ce matar Auta. Bai san na rubuto ba, kuma don Allah kada ki yi masa faɗa a waya, kin san shiru zai yi ya je ya ƙi cin abinci.

Ba zai gaya miki ba, shi ya sa na ce bari ni in faɗa. Kifin nan mai gashin baki da Baba ya so, bai daɗe ba muka tashi muka gan shi a saman ruwa ya yi rigingine, ciki sama. Baban yara ya ce ya mutu ko yana kan mutuwa, kuma bai kamata Baba ya gani ba. Ya sa raga ya ciro shi, ƙayar ta maƙale, har ta soke shi a yatsa, kifin yana wani ƙurr-ƙurr. Ya ce gargarar mutuwa ce. Baba fa yana kallo, yana dukan katifa da hannu, jijiyar wuyansa duk ta tashi. Shi kuma ya ce kin gani, baƙin ciki zai kashe shi, ya fizgi zanina da ke kan igiya ya rufe tankin. Ya kai kifin ya jefa a kogi don kada yara su gani.

Tun daga ranar Baba ya juya wa bango fuska. In na kawo abinci sai ya datse baki, da ƙyar nake samu ya sha shayi. Mai motsa gaɓoɓi ta ce ya koma baya.

Ƙaninki kuwa ya zama abin tausayi. Ya ce ruwan ne, ya canza. Ya ce yashin ne, ya wanke har hannunsa ya yi fari. Ya sauke tukunyar miyata ya dafa duwatsu, Yaya, duwatsu! Na ce masa in sun nuna ka kira ni in zuba gishiri, ko murmushi bai yi ba. Yanzu ya sake sayo wani kurungun ya zuba, yana ɗaga zani yana leƙawa kamar mai gadin jariri.

Ni ban gaji da Baba ba, Allah shaida ne, ubana ne. Ban ce ki zo ba, ban ce kada ki zo ba. Na dai ga ya kamata ki sani.

A gaida yara.
Ƙanwarki.

*

Auta,

Salamu alaikum. Ba dogon zance zan yi ba. Na ji Baba ya daina cin abinci, kada ka tambaye ni a ina na ji, kuma kada ka ɗaure wa kowa fuska a gida. Mai irin ciwonsa in ya daina ci, kwana kaɗan ne ya bushe. Ba zan jira ƙarshen wata ba. Ranar hutun nan zan zo da motar maigida, na riga na gyara ɗakin da ke bakin tsakar gida.

Ka haɗa magungunansa da katin asibiti da kayansa. Na san ka yi ƙoƙari, babu wanda ya ce ba ka yi ba. Amma ka sa uba a gaba kana jinyar kifi.

Ka ci abinci kai ma.
Yayarka.

*

Aikin farko: ban yi ba. Ban ma tuna abin da na rubuta ba.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri da rubutun. Takardarki ta iso jiya, na karanta na haɗa magungunan kamar yadda kika ce. Na san wadda ta gaya miki, ban ce mata komai ba, gaskiya ta faɗa.

Yau da safe maman yara ta shigo da shayin Baba ta ce ita dai a ba ta zaninta, ta yaye shi daga kan tankin kafin in hana. Ga sabon kurungun a saman ruwa, rigingine, kamar na farko. Na ce shi ke nan, ni ne nake kashe su, hannuna ne ba shi da kyau. Na ɗauko raga da sauri, na zagaya ta gefen gado don in tare wa Baba.

Sai na ji an damƙe min wuyan hannu. Yaya, kin tuna riƙon Baba, wanda yake kwance noti da shi in sifana ta gagara? Yana nan. Na ce, "Baba, yi haƙuri, bari in cire shi, zan samo maka wani." Bai sake ni ba. Bakinsa yana motsi, yawu yana zuba, ya yi ta kokawa da harshensa, ni kuma ina jan hannuna. Sai ya ce, "Bar."

Maman yara ta saki kofi.

Ya ce, "Bar shi." Ya numfasa, ya numfasa. Ya ce, "Haka yake."

Na tsaya da raga a hannu na kalli kifin, kallon da ban taɓa tsayawa na yi masa ba. Fikafikansa suna kaɗawa a hankali. Gashin bakinsa yana sharar saman ruwa, yana tsintar ɓurɓushin abincin da kawara suka bari. Cikinsa ma baƙi ne kamar bayansa, ba fari irin na sauran kifi ba. Na ɗan taɓa gilashi, ya juya ya harba ƙasa kamar kibiya, ya zagaya dutse, ya dawo sama ya sake yin rigingine abinsa. Lafiyarsa ƙalau. Haka yake cin abincinsa.

Ke nan na farkon ma lafiyarsa ƙalau, ƙarar da ya yi ta masifa ce don na dame shi. Allah ya sa kogi na kai shi ba bola ba. Dukan katifa da Baba ya yi kuma hana ni yake yi. Ranar tarwaɗa ma hana ni yake yi. Yana kwance yana kallon ɗansa yana ɓarna, ba bakin magana, na kuma rufe masa tankin da zani.

Na durƙusa na ce, "Baba, ashe ka sani." Ya dube ni da ido ɗaya a buɗe sosai ya ce, "Sakarai." Wannan kalmar ba ta ba shi wahala ba ko kaɗan. Maman yara ta zauna a ƙasa tana dariya tana share hawaye. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na yau ba.

Ya sha shayi, ya ci burodi, da rana ya ci abinci ya nuna a ƙara. Kansa yana hagu tun safe.

Kin ga a nan ya yi magana, a ɗakin nan. Don Allah ki bar motar a gida. Ko dai ina sake yin kuskure ne? Ba na jin haka. Ki bar min shi, Yaya.

Ƙaninki.

*

Auta,

Wa'alaikumus salam. A ɗakin ajiye magani na karanta, na rufe ƙofa na yi kukana na wanke fuska. Sakarai! Wallahi Baba ya dawo. Ka ce wa matarka ta ajiye zanin nan, na tarihi ne.

Amma saurara, ɗan ƙanina. Sau biyu yana gaya maka abu kana fassara masa abin da ke ranka. Ni ma daga nan abin da nake yi ke nan. Muna ta ja, kai ka ce ya saba, ni in ce rana, babu wanda ya tambayi mai jikin. Da ba ya iya amsawa, yanzu yana iyawa.

Ka tambaye shi. In ya ce nan zai zauna, na janye, ba za ka ƙara jin maganar a bakina ba, zan riƙa zuwa ina duba shi. In ya ce wajena, ka sake shi. Kada ka lanƙwasa tambayar yadda za ta ba ka amsar da kake so, na san ka. Matarka ta tsaya a wajen, ita zan tambaya.

Karfasar taka tana gaishe ka.
Yayarka.

*

Aikin farko: tambayar Baba. An yi.

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum, da fatan kun tashi lafiya. Na rubuta tambayar iri-iri a littafi, maman yara ta karɓe biron ta ce in je in yi da baki. Bayan ya gama shayi na zauna ta hagunsa na ce, "Baba, nan kake son zama, ko gidan Yaya?" Ban ƙara komai ba, tana nan, ki tambaye ta.

Ya daɗe yana kallon taga. Ya ce, "Yayarka." Na jira ko zai canza. Ya nuna tagar ya ce, "Rana." Sannan ya nuna tankin ya ce, "Da su."

Ban ji daɗi ba, ba zan ɓoye miki ba. Na tashi zan fita ya sake kama min hannu, ba irin riƙon shekaranjiya ba, ya ajiye shi a kan ƙirjinsa. Mun daɗe a haka. Ban buɗe shago ba sai bayan azahar.

Ki zo da motar. Tankin a hagunsa za a sa, inda rana ba ta dukan gilashin kai tsaye. Kada kowa ya ƙara kifi sai an nuna wa Baba, in ya kaɗa hannu a mayar.

Sai kun iso.
Ƙaninki.

Ayyukan gobe, tunda a bayan takardar suke, ki gani:

Wanke bokiti biyu masu murfi, a huda murfin. Karfasa ita kaɗai a nata.
Kada a ba kifi abinci kafin tafiya, za su ɓata ruwan a hanya.
Tambayar Yaya faɗin bayan motar. Ta auna da tef, ba da ido ba.
Neman mutum biyu masu ƙarfi da za su taya ni sauko da Baba a kujera.
Rubuta takarda da manyan baƙaƙe a manna a gilashi: in kurungu ya yi rigingine a bar shi, haka yake.
Kwashe ɗakin Baba. Ba gobe ba.
Tambayar direban motar safe ko yana tashi ranar hutu, in riƙa bin sa in ga Baba.